Takardar maigidana ta ce ba shi da sikila, to ina ɗana ya samo ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Kafin aurenmu an ɗebi jininmu ni da maigidana a wani ɗakin gwaji. Ni aka ce AS ce, shi kuwa aka rubuta masa negetif, da haka iyaye suka sa albarka. Yanzu ɗanmu na biyu, mai shekara 3, ya kwana yana kukan ciwon ƙafa, da muka kai shi asibiti aka ce sikila ce, nau'in SC. Surukata ta ce daga gidanmu ciwon ya fito, har an fara raɗe-raɗin wai yaron ba na mijina ba ne. Ko barci ba na iyawa.
Wata uwa daga Aboabo, Kumasi

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Share hawayenki. Sikila ba ta kama yaro daga ɓangare ɗaya, sai uwa ta ba da nata, uba ya ba da nasa. Jinin kowa haruffa biyu gare shi, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba: A shi ne lafiyayye, S da C su ne masu matsala. Ke AS ce, S ɗin yaron daga gare ki yake. C ɗin kuwa ba ki da shi balle ki bayar, wajen uba za a neme shi.

Ga inda nake zaton aka samu tangarɗa. Gwajin da aka fi yi wa masu shirin aure shi ne mai arahar nan: a ɗiga jini a kan gilashi, a sa masa magani, a duba ko ƙwayoyin jinin za su lanƙwashe kamar lauje. S kaɗai yake kamawa. Mai AC jininsa ba ya lanƙwashewa, sai a rubuta masa negetif, ya naɗe takardarsa ya tafi ɗaurin aure hankali kwance. Alhali C ya yi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, kuma kin san zangunanmu, da wuya gidan da ba shi da kaka daga can. Abin da ke ci mini rai, ana miƙa wa mutum takardar ba tare da an gaya masa iyakar abin da gwajin ya gani ba.

Maigidanki ya je a yi masa gwajin da ake kira elektroforesis, shi ne mai fitar da haruffan jini ɗaya bayan ɗaya. A haɗa da babban ɗanku. In ya tabbata AC ne, to kowane ciki da za ki ɗauka akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SC. Kada ki ce tunda an samu ɗaya, uku masu zuwa sun tsira. Kowane ciki da lissafinsa.

Ki yi wa yaron rajista a sashen masu sikila na asibitin Komfo Anokye. A nan Kumasi marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya fara gwajin jarirai tun 1995, kuma kusan 2 cikin kowane jarirai 100 da ake haifa a ƙasar nan da ciwon suke zuwa. Ma'aikatan wurin sun saba da shi.

SC ya fi SS sauƙi a mafi yawan mutane, amma ba abin sakaci ba ne. Yana taɓa ido da ƙashin ƙugu, shi ya sa in ya kai shekara 10 za a riƙa duba idonsa duk shekara ko bai yi ƙorafi ba. A gida, ya sha ruwa sosai, ya kwana cikin gidan sauro, a rufa shi da asuba lokacin hunturu, kada a bar shi wasa cikin ruwan sama. In ciwon ya tashi, tsumma mai ɗumi za ki ɗora, ban da ƙanƙara, ban da tsaga. Zazzaɓi kuwa, ko tsakar dare ne, asibiti kai tsaye.

Surukarki kada ki yi cacar baki da ita. Ranar karɓar sakamako maigidanki ya ɗauko ta ku je tare, ta ji daga bakin likita.