Amsa: Birni ko ƙauye, ina bindiga ta fi kisa a Amurka?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kisan bindiga a Amurka matsalar manyan birane ce kawai, irin su Shikago. Ba haka abin yake ba.

A shekarar 2021, CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta ƙidaya mutum 48,830 da bindiga ta yi ajalinsu. Fiye da rabinsu, wajen kashi 54 cikin ɗari, su ne suka harbe kansu. Nan ne labarin yake juyawa. Kisan wani ya fi yawa a birane, kuma ko a can ɗin ma a wasu 'yan unguwanni ya taru, inda talauci ya yi katutu. Irin wannan kisan ya yi tashin gwauron zabi a 2020, ya soma sauka daga 2022.

A karkara kuwa, kashe kai ne ya fi yawa, musamman tsakanin maza masu shekaru. Bindiga tana cikin gida, asibiti yana da nisa, likitan ƙwaƙwalwa sai an tona. Wanda ya sha guba sau da yawa akan ceto shi, amma harsashi ba ya ba mutum damar sake tunani. Shi ya sa jihohi masu yawan karkara irin su Montana, Wyoming da Alaska suke sahun gaba wajen kashe kai da bindiga idan aka auna da yawan jama'a.

Abin da ke ci mini rai shi ne, 'yan jarida ba kasafai suke kawo labarin waɗannan mutanen ba, sai a ɗauka karkara lafiya lau take.