Albasar ado da ta ci min jari

Kai yaro, wai Hajiya ta nuna maka hoton furen nan shunayya mai kama da ƙwallo a waya, kana tambayata ko mu karɓi aikin, a dasa sau ɗaya ya riƙa fitowa duk shekara? Hmm. Ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi.

Allium sunanta, dangin albasar miya ce, babbar cikinsu giganteum daga duwatsun Iran da Afganistan ta fito, tana haura mita ɗaya. Can Turai a watan Oktoba ake binne kan, zurfi ninki uku na girmansa, ya sha sanyin ƙanƙara a ƙasa, Mayu zuwa Yuni ya yi fure, sannan ya kwanta barci cikin busasshiyar ƙasa. To mu fa? Lokacin barcin nata shi ne tsakiyar daminarmu.

Ni ban san haka ba sai da na sha. Wani Alhaji a Abuja ya dawo daga Landan ya ce lallai ita yake so a gaban gida, na ci bashi na sa aka kawo min kai 200 daga Holan, na dasa inda rana ke duka, wasu suka yi fure don da sanyinsu suka zo, Alhaji har da kiran baƙi ana ɗaukar hoto. Ganyen ya fara rawaya, wanda haka ɗabi'arta take, kuma ba a yanke shi don shi ke ciyar da kan, sai mai gadi ya aske shi tas wai ƙazanta ne. Ruwan Agusta ya ƙarasa sauran. Na tona, wallahi wari kamar ruɓaɓɓiyar albasa a kasuwa, Alhaji ya ce ni na cuce shi, cikon kuɗina har yau ban gani ba, shekara biyu ina biyan bashin nan.

Zancen taki da gyaran ƙasa kar ma ka tambaye ni, in ba ka iya ba me kake yi a lambuna? Ku yaran yanzu komai kuka gani a TikTok sai ku ce a yi.

Ka ce mata a sa Tulbaghia, 'yar Afirka ta Kudu, ganyenta warin tafarnuwa yake, tana jure zafi, tana ƙara yawa ana rabawa. In kuma ta nace sai Allium, ta biya duka tun kafin a yi oda, ka rubuta mata a takarda fure ɗaya za ta gani.