Ku Tambayi Anti: Yarana sun matsa sai an kai su Abuja ganin tarihi

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya haƙuri da mu. Dan Allah shawara nake nema. Ni uwar yara uku ce a nan Tudun Wadan Zariya, babban shekararshi 13, mai bi mishi mace ce 10, sai auta 6. Manyan biyun nan Allah ya jarabce su da son tarihi, musamman namijin, in ya tsare ki da tambayar wa ya gina ganuwa, a ina aka binne Sarauniya Amina, sai kin ce ya ƙyale ki ki sha ruwa. Toh babansu ya musu alƙawari in sun yi ƙoƙari a jarabawa zai kai su Abuja hutun Disamba, gashi sun yi ɗin, shi kuma yanzu ya zame ya ce ni zan tsara komai, nashi tuƙi ne da biyan kuɗi. Ni kuwa sau ɗaya na taɓa zuwa Abujar, shi ma biki ne, daga mota sai wurin taro sai mota. Kwana uku muke da shi, kuma a Kubwa za mu sauka gidan ƙanwar babansu. Maƙwabciyata ta ce ɓata kuɗi ne, wai ba abin da ke Abuja sai dogayen benaye da manyan kantuna. Ina zan kai su Anti kar su dawo su ce na yaudare su?

Wata uwa daga Tudun Wada, Zariya

AMSA

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya miki su, ya bar su da wannan ciwon kan da suke sa ki, don wasu iyayen nema suke yaro ya ɗago kai daga waya ya tambaye su ko da sunan kakanshi ne ba su samu ba.

Maƙwabciyarki ta faɗi rabin gaskiya. Abuja yarinya ce, a 1976 aka yanke shawarar gina ta, sai 12 ga Disamba 1991 zamanin Babangida gwamnati ta taso daga Legas ta tare, kin ga ko masallacin Juma'an cikin birninmu da Babban Gwani ya gina ya girme ta da shekara sama da ɗari. In kika kwashi yaran da suka saba wucewa ta Ƙofar Doka kika kai su kallon gilashi da siminti kawai, eh, za su ce an cuce su. Amma abin da maƙwabciyar ba ta faɗa miki ba, ƙila ita ma ba ta sani ba, shi ne sunan Abujar ma kanshi daga gidan sarautar Zazzau ya fito, kuma ni da za ki bi tawa a kan wannan za ki ɗora tafiyar gaba ɗaya.

Ga yadda abin yake. Lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a farkon ƙarni na 19, Malam Musa ya zo da tuta aka ci Zariya, sarkin Haɓe na lokacin Muhammadu Makau ya fita da jama'arsa ya yi kudu. Yadda ake ba da labarin, yana filin Idi a bayan gari aka rutsa shi, bai ma samu komawa gida ba. Ya je ya zauna wajen Zuba, daga baya ya rasu a yaƙi wajen Lapai, sai ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake ce wa Abu Ja saboda hasken fatarshi, ya kafa gari a 1828 aka dinga kiran garin da sunansa. Da gwamnati ta zo tana neman sunan sabon babban birni sai ta ɗauki Abuja, tsohon garin kuma aka mai da shi Suleja daga sunan sarkinsu na lokacin, Sulaimanu Barau. Har gobe Sarkin Zazzau Suleja ake ce wa sarkin can. Toh ki faɗa wa babban naki tun kuna gida cewa hanyar da za ku yi a 'yan awoyi cikin mota da sanyin iya-kwandishan, kusan ita mutanen Makau suka bi a ƙafa da kan doki da mata da yara, ki ga in zai yi barci a motar nan.

Shi ya sa nake ganin ku tafi da motarku kawai tunda babansu ya yarda zai tuƙa. Jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Kubwa yana da daɗi kuma yara na sonshi, amma ta Jere yake bi, ba za su ga Dutsen Zuma yadda ake ganinshi a titi ba, ga wahalar kai kanku Kaduna da neman tikiti ta intanet lokacin hutu. Sai dai dan Allah ku yi sammako, ana idar da asuba ku kama hanya, kar ku yarda dare ya muku a hanyar Kaduna zuwa Abuja, zuwa ko dawowa, kuma ana gobe tafiya babansu ya leƙa tasha ko ya kira direban da ke bin hanyar kullum ya ji yadda take, su suka fi kowa sanin inda ake aiki da inda ake cunkoso.

Kafin ku fita ki nemi kuɗin takarda ki ba kowane yaro nashi a ambulan, naira 20, tsohuwar naira 100, naira 200 da naira 5 in kin samu. Ni da na kai 'ya'yan ƙanena wannan dabarar ce ta cece ni. Muna gangarowa wajen Madalla dutsen ya bayyana gabanmu baƙi ƙirin kamar an kifa ƙatuwar tukunya, na ce kowa ya juya naira ɗarinshi, wallahi ƙaramar sai da ta yi ihu, tana duba kuɗin tana duba taga, wai Anti an saka dutsen a kuɗi ko kuɗin aka saka a dutsen. Ku samu wuri mai kyau nesa da bakin titi ku tsaya su nemi fuskar mutum ɗin nan da ake cewa tana jikin dutsen, akwai kamar ido biyu da baki, wani zai gani nan take wani sai an nuna mishi da yatsa. Ki kuma gaya musu Zuma a jihar Neja yake, ba cikin Abuja ba, irin abin da babban zai je ya ci gardama da shi a makaranta kenan.

Naira 20 ɗin ita ce babba a tafiyar nan. Gabanta Murtala ne, wanda ya yi karatu a nan Barewa, shi ya sanar da maganar sabon babban birni ranar 3 ga Fabrairu 1976, bayan kwana goma aka kashe shi a Legas, ko tubali ɗaya bai gani ba. Bayanta kuma wata mata ce tana gina tukunya, Ladi Kwali kenan, Bagwariya daga garin Kwali, wadda a 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, ta kai aikinta har Ingila da Amurka, kuma jami'armu ta ABU ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Wannan ki ajiye wa 'yar taki, mace ce da ba ta yi boko ba amma hotonta na aljihun kowa.

Ranar farko kenan, hanya da Zuma, in da sauran ƙarfi ku shiga Suleja ku ga ƙofar fada. Shiga ciki kam sai da wanda ya san hanya, in ƙanwar babansu ta san wani a garin ta yi muku magana tun da wuri, ba a faɗa wa fada kamar kasuwa, ke ma 'yar Zazzau ce ba sai na koya miki ba.

Rana ta biyu ku ba cikin gari. Ku fara da Babban Masallacin Ƙasa mai ƙubba ruwan zinariya da hasumiya huɗu, ku yi azahar a can in ya kama, sai dai in Juma'a ce ku je da wuri sosai ko ku haƙura, don wurin fakin wahala yake. Kusa da shi za su hango babbar majami'ar ƙasa. Daga nan ku wuce ta Dandalin Eagle inda aka rantsar da Obasanjo ranar 29 ga Mayu 1999 bayan mulkin soja, a bayanshi ga ginin Majalisa mai koren ƙubba inda sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360 suke zama, can baya kuma Dutsen Aso. Yawancin wannan daga cikin mota za ku gani, kuma a nan zan ja miki kunne, kar yaro ya ɗaga waya a inda ya ga soja ko shinge. Ni an taɓa tsare mu kusan rabin awa a ƙofar wani ginin gwamnati saboda ɗan ƙanena ya ɗauki hoto ta taga, sai da aka goge hotunan ɗaya bayan ɗaya har da na bikin da ba ruwanshi, ina ta ba da haƙuri rana na dukana, yaron kuwa har muka koma masauki bai ƙara magana ba.

Wurin da nake so ku zauna ku daɗe shi ne cibiyar tunawa da Shehu Musa 'Yar'aduwa, akwai hotuna da kayan tarihin rayuwarshi tun yana soja har rasuwarshi a gidan yarin Abakaliki a 1997, a harabar kuma akwai wata gada da aka gina aka bar ta ba a ƙarasa ba da gangan. Kar ki faɗa musu ma'anarta, ki bar su su yi ta cece-kuce a kai. Ku dai bincika tun kafin ranar ko a buɗe take don kar ku yi zuwan banza.

Sannan sunayen tituna, wannan kyauta ne ba ko sisi. Ahmadu Bello, Tafawa Balewa, Aminu Kano, Shehu Shagari, Herbert Macaulay, duk za su gani a allunan hanya, ki ce duk wanda ya faɗi abu ɗaya na gaskiya a kan mai sunan yana da naira hamsin. Ki tanadi canji da yawa, babban nan zai talauta ki.

Auta fa kar a manta da shi, ɗan shekara 6 ba ruwanshi da Makau, in ya gaji kuma kowa ya shiga uku. Da yamma ku kai shi Millennium Park a Maitama, wanda Sarauniyar Ingila ta buɗe a 2003, ya yi gudu a ciyawa ku kuma ku shimfiɗa tabarma ku buɗe kula. Abincin Abuja tsada gare shi, dambun nama da cincin da soyayyen kaza daga gida sun fi miki, ruwa kuma katan guda a but.

Rana ta uku tunda a Kubwa kuke, Ushafa ba nisa, ta hanyar Bwari, ƙauyen masu ginin tukwane ne da Bill Clinton ya ziyarta a 2000, su ga yadda mata ke murza yumɓu da hannu kamar dai hoton naira 20, ki saya wa kowa ɗan abin da zai riƙe. Amma in ranar ce ta komawa, ƙarfe 11 ta muku a hanya. In kuma wata rana babansu ya gaji kuka fita ku kaɗai, ki sani ba acaɓa a tsakiyar gari, kuma kar ki tare motar da ba ki sani ba a bakin titi saboda 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja su yi mishi fashi a cikin mota, ki kira ta waya ko ƙanwar mijinki ta haɗa ku da direban da ta sani.

TAMBAYA

Anti barka da aiki. Ni malamin firamare ne a Samaru, nawa yaran su ma haka suke da son tarihi amma gaskiya aljihu ba zai kai mu Abuja ba, yini ɗaya kawai zan iya. Akwai inda za ki ba ni shawara?

Wani uba daga Samaru

AMSA

Malam ai Kaduna na nan kusa da kai, kuma ita ma ta yi zamanta na babban birnin Arewa bayan Turawa sun taso daga Zungeru. Ku fita da safe ku fara da Gidan Arewa, gidan Sardauna ne inda aka kashe shi ranar 15 ga Janairu 1966, yanzu yana ƙarƙashin ABU, akwai kayanshi da hotuna da ɗakin ajiye tsofaffin takardu, ka riƙe naira 200 a hannu su haɗa fuskar da gidan. Daga nan gidan kayan tarihi na titin Ali Akilu su ga kawunan yumɓu na Nok, ku bi ta gaban Lugard Hall su ga inda majalisar Arewa ta zauna, ku ƙare a Gamji wurin gadar ƙarfen nan da aka ɗauko daga Zungeru, a nan za ku ci abincin da kuka taho da shi. Ka zaɓi ranar aiki, ba Asabar ko Lahadi ba, don ka samu ma'aikacin da zai zagaya da ku yana bayani, kuma ka ɗan riƙe wani abu na goro da za ka ba shi. In kun kama hanya da la'asar, magariba a Kwangila za ta same ku.