Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Baurairai Ya Ƙi Kama Ƙasa a Gidana?

Tambaya: Assalamu alaikum. A watan Agusta na ga baurairai ya yi fure ja da rawaya a bakin kurmi kusa da gonarmu, sai na sa aka tono mini shi na dasa a tsakar gida. Kullum ina ba shi ruwa, amma bai jima ba ya yanƙwane. Mene ne dalili? Daga wata mai karatu, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Matsalar ta faro ne daga lokacin da aka tono shi, domin tsiron daji da ke tsakiyar fure ya riga ya zuba ƙarfinsa duka a sama, kuma da wuya ya jure tashi. Abin da ya dace shi ne ki kafa alama a gindinsa da damina, ki jira kaka ta wuce ganyensa ya bushe, sannan a tono.

Tonon ma yana buƙatar haƙuri. Saiwar baurairai doguwa ce mai reshe biyu, tana karyewa da sauƙi, kuma idon da zai tsiro yana can ƙarshen kowane reshe, saboda haka idan fartanya ta gutsure shi, wannan reshen ba zai sake tohowa ba. A ajiye ta cikin busasshen yashi a inuwa har ruwa ya sauka, sannan a kwantar da ita a ƙasa mai yashi da ruɓaɓɓen ganye, a zurfin kamar yatsu huɗu. A kafa mata kara, tunda da bakin ganyensa yake kamawa ya hau. Ban ruwa kullum ruɓar da saiwa yake yi, kuma da rani ba ta son ruwa ko kaɗan.

Ni dai na fi son a tsinci 'ya'yansa a shuka, ko da za a yi shekaru kafin a ga fure, domin kowace saiwa da aka tono giɓi ce a kurmin. A gandun daji irin su Yankari da Falgore kuwa doka ta hana taɓa tsirrai.

Ki kuma sani cewa tsiron nan dafi ne gaba ɗayansa, musamman saiwar, wadda a Indiya da Sirilanka an samu waɗanda suka ci ta a zaton doya suka rasa rayukansu. Idan akwai ƙananan yara ko awaki a gidan, kada ki dasa shi inda za su kai gare shi.