Zan kai 'yata sakandaren Katolika ta 'yan mata zalla, me zan duba?

Tambaya: Barka da aiki. 'Yata ta fari tana ajin ƙarshe a firamare, shekararta 11. Ni da mahaifinta mun karkata ga kai ta sakandaren Katolika ta 'yan mata zalla, saboda yabon da muke ji ana yi wa tarbiyyarsu da karatunsu. Mu Kirista ne, amma ba 'yan Katolika ba. Makarantu biyu muke dubawa. Ɗaya ta kwana ce, a hannun sistoci (matan da suka keɓe rayuwarsu ga hidimar coci), ta yi suna wajen cin jarrabawa. Ɗayar ta jeka-ka-dawo ce, kusa da gida, sunanta bai kai na waccan ba. Yarinyar mai kunya ce, tana son lissafi, kuma ba ta taɓa kwana nesa da ni ba. Da gaske ne 'yan mata sun fi karatu idan babu maza a aji? Za a matsa mata ta sauya ɗarika? Wacce za mu ɗauka?

Amsa: Barka kadai, 'yar'uwa. Allah ya raya miki ita, ya sa ta zama abin alfahari.

Bari in fara da maganar raba maza da mata, domin nan ne ake yawan cika wa iyaye kunne da abin da ya fi gaskiya girma. Masana sun daɗe suna auna wannan batu. A 2014 wasu masu bincike uku a Amurka suka tattara nazarce-nazarce 184 da suka shafi ɗalibai kimanin miliyan 1.6 a ƙasashe 21. Abin da suka gano shi ne, idan aka ɗauki sakamakon jarrabawa tsurarsa, makarantun jinsi ɗaya sukan yi gaba. Amma da zarar an yi la'akari da irin gidajen da yaran suka fito da kuma ƙoƙarinsu tun kafin su shiga, sai tazarar ta tsuke, ta kusa ɓacewa. Dalilin a fili yake. Yawancin irin waɗannan makarantu suna tace ɗalibai da jarrabawar shiga, kuma iyayen da ke kai yaransu can masu sa ido ne a kan karatu. Makarantar da ta tsinci haziƙai tun daga ƙofa, ba abin mamaki ba ne ta yaye haziƙai.

Duk da haka maganar ba ta mutu a nan ba. A birnin Seoul na Koriya ta Kudu an yi shekaru ana raba ɗalibai zuwa manyan sakandare ta hanyar ƙuri'a, babu zaɓin iyaye, kuma nazarin da aka yi a can ya nuna waɗanda suka faɗa makarantun jinsi ɗaya sun fi samun maki a jarrabawar shiga jami'a. A ƙasar Trinidad da Tobago kuwa, wani nazari na 2012 ya fito da abin da nake so ki riƙe: yawancin ɗalibai ba su ƙaru da komai ba, sai dai 'yan matan da tun farko su da kansu suke matuƙar son makarantar mata zalla, su ne suka amfana sosai. Ke nan son yarinyar yana cikin lissafin. Ki zaunar da ita ki ji ta bakinta, ba sau ɗaya ba, kuma ba a gaban mahaifinta kaɗai ba, tunda kin ce mai kunya ce.

Ni a ganina, amfanin makarantar mata zalla ga yarinya irin taki ya fi bayyana a wajen sakin jiki. A can shugabar ɗalibai mace ce, gwanar lissafi mace ce, mai tsere da mai muhawara duk mata ne, saboda haka babu wani fanni da za ta ɗauka na maza ne. Yarinyar da take haɗiye tambayarta don tsoron dariyar samari takan samu bakin magana. Sai dai wannan bai zama dole ba. Wancan nazari na Trinidad ya nuna 'yan matan makarantun mata zalla sun ɗauki darussan kimiyya ƙasa da na takwarorinsu, alhali a Ingila alƙaluma sun nuna akasin haka game da fiziks. Don haka kada ki tsaya kan zato. Ki tambayi kowace makaranta ɗalibai nawa ne suka zauna jarrabawar fiziks da kemistiri da zurfafan lissafi bara, wane ne malamin lissafi na ƙananan azuzuwa, shekara nawa ya yi a makarantar. Ki ce a buɗe miki ɗakin gwaje-gwaje. Idan kayan suna cikin kwali ƙura ta rufe su, kin sami amsarki.

Yanzu ga kalmar Katolika. Ba kowace makaranta mai sunan waliyyi ba ce ta cocin. Kundin dokokin cocin Katolika, a doka ta 803, ya ce babu makarantar da za ta kira kanta ta Katolika sai da amincewar hukumar coci. Doka ta 806 kuma ta bai wa bishop ikon sa ido da ziyartar duk makarantun Katolika da ke yankinsa, har da na sistoci, sannan ta ɗora wa shugabanninsu alhakin tabbatar da cewa karatunsu bai gaza na sauran makarantun yankin ba. Amfanin sanin wannan gare ki biyu ne: kina iya zuwa ofishin ilimi na dayosis, wato yankin da bishop ke shugabanta, ki tabbatar makarantar tasu ce, kuma idan wata matsala ta fi ƙarfin shugabar makaranta, kin san akwai na gaba da ita. Ki kuma tabbatar tana da rajista da hukumar ilimi ta gwamnati, kuma cibiyar jarrabawa ce da kanta. Amincewar bishop daban, ta gwamnati daban.

Su ma sistocin ba ɗaya suke ba. Ƙungiya-ƙungiya ne, kowace da tarihinta da abin da ta fi bai wa ƙarfi. 'Yan Ursula sun samo asali daga Angela Merici a garin Brescia na Italiya a 1535, kuma makarantarsu ta New Orleans a Amurka tana koyar da 'yan mata tun 1727. Mary Ward, 'yar Ingila, ta fara nata aikin a 1609 da nufin a bai wa mata ilimi mai zurfi kamar na maza, ta sha tsangwama a kan haka, kuma daga zuriyar aikinta makarantun Loreto suka fito. Madeleine Sophie Barat ta kafa ƙungiyar Sacred Heart a Faransa a 1800. Sistocin Salesian, waɗanda Don Bosco da Maria Mazzarello suka kafa a 1872, tsarinsu ya ginu kan hankali da addini da tausasawa, wato a zauna tare da yaro a tare kuskure kafin ya auku, maimakon a jira a hukunta shi. Ina kawo miki waɗannan ne don ki sami abin tambaya. Ki ce wa shugabar makarantar: Sista, mene ne ƙungiyarku ta fi damuwa da shi a tarbiyyar yarinya, kuma a ina zan gan shi a jadawalin mako? Wadda take rayuwa da abin za ta ba ki misali nan take. Wadda ta haddace shi kawai za ta karanto miki taken makaranta.

Ki sani kuma yawan sistoci a duniya ya ragu, daga kusan miliyan 1 a 1970 zuwa kimanin 600,000 a 'yan shekarun nan, ko da yake a Afirka ƙaruwa suke yi. A makarantu da yawa sista biyu ko uku ne ke shugabanci, sauran malamai ma'aikata ne kamar na ko'ina. Wannan ba aibu ba ne. Abin nufi, waɗanda za su yini da 'yarki su ne malamar aji da matiron ɗin ɗakin kwana, su ya kamata ki gani ido da ido.

Batun sauya ɗarika kuwa, koyarwar cocin a rubuce take. Babban taron bishop-bishop na cocin, wanda ake kira Vatican na biyu, ya bayyana a 1965 cewa ba a tilasta wa kowa a sha'anin addini, kuma doka ta 748 a kundin dokokin cocin ta hana a tursasa wa mutum karɓar imanin Katolika ba da son zuciyarsa ba. Takardar da taron ya fitar kan ilimi a ranar 28 ga Oktoba, 1965 ta ce iyaye su ne malaman farko na 'ya'yansu, ta kuma yaba wa makarantun Katolika da ke karɓar yaran da ba 'yan Katolika ba. Wannan shi ne a takarda. A aikace, ki sa rai cewa za a yi addu'ar safe tare, za a yi darasin addini bisa fahimtar Katolika, kuma a yawancin makarantun kwana kowa na halartar sujadar Mas. Za ta ji ana jan rosari, wato carbin addu'arsu, za ta ga girman da ake bai wa Maryamu da waliyyai, wanda wataƙila ya bambanta da na cocinku. Ba za ta karɓi Jibin Ubangiji a wurinsu ba, domin a ƙa'ida na 'yan Katolika ne, kuma gara ki gaya mata haka tun a gida don kada ta ji kamar an ware ta. Ki tambaya dalla-dalla: me ya zama dole ga kowa, me aka ɗauke wa wanda ba ɗan ɗarika ba, kuma ana shigar da yarinya ajin katekizim, wato koyon aƙidar Katolika, na shirin baftisma ko tabbatarwa ba tare da takardar izinin iyaye ba? Iyayen da suke Musulmi su ma haka za su yi, su ƙara da tambayar wurin salla, da azumi, da sutura. Kowace makaranta da nata tsarin, kuma amsar da aka ba ki a rubuce ta fi wadda aka ba ki da murmushi.

Akwai abin da ba zan ɓoye miki ba. Yarinyar da ta yi shekara shida a cikin yanayi guda, yana yiwuwa zuciyarta ta karkata gare shi ba tare da kowa ya matsa mata ba. Ke da mahaifinta ku tattauna wannan tun yanzu, ku san ko za ku iya ɗauka.

Sai abin da ya fi duk waɗannan nauyi a wurina, wato amincin yarinyar. Cocin Katolika ya sha fama da abin kunya na cin zarafin yara a ƙasashe da dama, abin da ya sa Paparoma Francis ya kafa hukumar kare yara a 2014, ya kuma fitar da doka a 2019 da ta wajabta wa limamai da sistoci kai rahoton irin wannan laifi. Saboda haka tambaya a kan wannan ba rashin ladabi ba ce, haƙƙinki ce. Shin makarantar tana da rubutaccen tsarin kare yara? Wace ce yarinya za ta kai wa ƙara idan malami ko babbar ɗaliba ta cutar da ita, kuma yaran sun san sunanta? An yarda malami namiji ya keɓe da ɗaliba a ofis, ƙofa a rufe? Wane ne ke kwana kusa da ƙananan yara? Idan yarinya ta yi zazzaɓi da tsakar dare, akwai nas a cikin makaranta, kuma a wane mataki ake kiran iyaye? Wane irin horo ake yi, kuma wa ke da ikon yin sa? A makarantun kwana, yawancin kukan 'yan ajin farko daga siniyoyi yake fitowa: aike, wanki, ƙwace, gori, ware mutum daga ƙawaye. Rashin maza bai kawar da zalunci ba. Na 'yan mata sau da yawa a harshe yake, ba ya barin tabo a jiki, shi ya sa yake daɗewa ba a gano shi ba. Shugabar da ta ce miki a makarantarta sam babu irin wannan, ko dai ba ta sani ba ko ba ta son faɗa. Wadda ta ce akwai, ga kuma yadda muka yi da na baya-bayan nan, ita ce abin yarda.

Gani ya kori ji. Ki je ranar da ake karatu, ba ranar bikin baje koli ba, kuma ki tafi da yarinyar. Ki leƙa banɗaki da wurin wanka kafin ki leƙa ɗakin taro, ki ga ko akwai ruwa da wurin zubar da audugar mata, domin a shekarun nan ne za ta fara al'ada idan ba ta riga ta fara ba. Ki lura da fuskokin yaran idan sista ta gifta: gaisuwa suke yi da fara'a ko maƙewa suke yi a jikin bango? Ki nemi uwar da 'yarta take can amma ba ta cikin na gaba-gaba a aji, ki ji yadda ake tafiya da ita. Game da sunan da waccan ta yi a jarrabawa, tambaya ɗaya ta isa: cikin waɗanda suka shiga ajin farko shekara shida da suka wuce, nawa ne suka kai ga jarrabawar ƙarshe a nan? Wasu makarantu sallamar masu rauni suke yi kafin ajin ƙarshe don sakamako ya yi kyau. Kuɗi kuwa, ki nemi jimillar na shekara gaba ɗaya a rubuce, har da yunifom da littattafai da sauran tarkace, ki auna da shekara shida da kuma ƙannenta da ke tafe. Ki tambaya ko akwai tallafi, don makarantun sistoci da dama suna da shi amma ba sa shela.

Kin ce wacce za ku ɗauka. Bisa abin da kika faɗa mini, yarinya 'yar shekara 11, mai kunya, wadda ba ta taɓa kwana nesa da ke ba, ni na fi karkata ga ta jeka-ka-dawo, muddin kika gamsu da malaman lissafi da kimiyyarta. Za ta sami ajin mata zalla da kuke so, za ta ci gaba da zuwa cocinku ranar Lahadi, kuma kowace yamma za ki ga fuskarta ki gane ko lafiya. Mai kunya ba ta cika kai ƙara ba, a ido ake karanta damuwarta, kuma ba a karanta ido ta wayar minti biyar. Idan ta yi shekara biyu ko uku ta yi ƙwari, kuma ita da kanta ta nuna sha'awar ta kwana, sai ku nemi canji. Ki tambayi waccan makarantar tun yanzu ko tana karɓar ɗalibai a tsakiyar karatu, da sharuɗɗanta. Amma idan kuka je ziyara kika ga yarinyar ta saki jiki, tana ta tambayar ɗalibai, ta dawo gida tana maganar makarantar kwanan ba kowa ya sa ta ba, to ki ba wa wannan nauyinsa, ki fara gwada ta da kwana biyu ko uku a gidan 'yan'uwa lokacin hutu ki ga yadda za ta yi.