Fatawa: ban-ruwa da alwala da ruwan tafkin tace ƙazanta

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin Aboabo ne a Kumasi, ina noman latas da kabeji a wani ƙaramin gari kusa da kogin Oda. An haƙa mana tafkuna uku da ruwan masai da na kwata ke bi ta cikinsu. Na ƙarshen yana zubowa rafi kore shar, ba ya wari sosai. Zan iya ban-ruwa da shi? In azahar ta riske ni a gona, zan iya alwala da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ban-ruwa ya halatta. A mazhabarmu ta Malikiyya, shukar da aka shayar da ruwa mai najasa tsarkakakkiya ce, Shehu Halil ya lissafa ta a Mukhtasar cikin abubuwa masu tsarki. Sai dai latas ɗanye ake ci, kuma ƙwan tsutsar ciki ba ya ganuwa da ido. Ka riƙa zuba ruwan a gindi ba a kan ganye ba, ka dakata 'yan kwanaki kafin cira, ka wanke da ruwan famfo kafin ka kai kasuwa. Annabi (SAW) ya ce ba cuta ba cutarwa, mai sayen salak ɗinka yana cikin wannan haƙƙin.

Alwala kuma magana ce daban. Ƙa'idarmu ita ce ruwa yana nan da tsarkinsa sai in najasa ta canza launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa. Koren da ka gani bai dame ni ba, gansakuka ce, kuma abin da ya tsiro daga ruwa ba ya ɓata shi. Tana ma cikin masu aikin: a tafki na farko mai zurfi dauɗa ke kwanciya ƙasa, a sauran biyun ƙwayoyin bakteriya ke cinye ragowar da taimakon rana da gansakuka. Abin da ya tsayar da ni shi ne ka ce "ba ya wari sosai". Ashe dai yana wari. Muddin da sauran warin bayan gida, najasa ne, babu saɓani.

To in warin ya gushe ƙaf fa? Halil ya kawo zance biyu kan ruwan da canjinsa ya tafi ba tare da an ƙara masa ruwa mai tsarki ba, ya kuma rinjayar da rashin tsarkinsa. Na san za a ce ai manyan malaman Saudiyya sun halatta ruwan da aka tace tun 1978, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa (ƙungiyar Musulmin duniya) a Makka ta bi bayansu a 1989. Haka ne, amma sun shardanta tacewa cikakkiya, wadda ba ta barin launi ko wari ko ɗanɗano. Tafkin da rana kaɗai ke gadinsa, wanda damina ke cika shi ya tumbatsa, bai kai wannan matsayi ba.

Don haka ka tafi gona da butarka cike daga gida. In ta ƙare, babu rijiya kusa, lokaci kuma zai fita, ka yi taimama. In ruwan mai wari ya fantsar maka a wando, ka wanke wurin kafin ka kabbara.

Wallahu a'alam.