Ku Tambayi Goggo: Mun tara wa maƙwabcinmu kuɗi, sai kuma gurup ya rikice

TAMBAYA: Assalamu alaikum Goggo, ya aiki ya jama'a. Ni ne sakataren gurup ɗin samarin layinmu na WhatsApp a nan Kano. Akwai wani maƙwabcinmu da cutar shan inna ta taɓa tun yana yaro, da silifas a hannu yake rarrafe, kuma wallahi ba ya bara, gyaran takalmi yake yi a ƙofar gidansu. Bayan sallah muka yi karo-karo muka tara masa dubu 180, toh tunda kuɗin suka cika aka rasa zaman lafiya, wasu sun ce a sayo keken asibiti, wasu sun ce a'a buhun shinkafa da mai, wasu sun ce a damƙa masa abinsa kawai, ga wani abokinmu ya dage sai an ɗauki bidiyo an saka a TikTok wai don wasu su yi koyi. Dan Allah ya za mu yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya yi muku albarka, samari su haɗa dubu 180 a wannan marra ba don kallon ƙwallo ko ankon biki ba ai abin a jinjina ne. Amma fa na karanta saƙonka sau biyu ina neman inda za ka ce "mun je mun tambaye shi" ban gani ba. Kuna ta cacar baki a waya a kan mutumin da ke zaune taku ashirin daga ƙofarku, kuma na tabbata ko a gurup ɗin ba ku saka shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku tura mutum biyu masu hankali, ba tawaga ba, su je da yamma su zauna a tabarmarsa su ce ga abin da Allah Ya hore, me ya fi damunka?

Keken asibitin nan kuwa bari in gaya maka abin da na gani da idona. A zauren wata 'yar'uwata akwai guda, sabo fil aka ba ɗanta a wajen wani rabo, har da hoto da tafi. Yau bokitin wanki ne a kansa da tsohuwar darduma. Sati biyu ya yi amfani da shi, don an ƙera shi ne saboda daɓen asibiti mai santsi, waɗannan ƙananan tayoyin na gaba da sun shiga yashi ko taɓo sun cije, sai an samu mai turawa, wanda da yake fita shi kaɗai da rarrafe ya koma sai ya jira ƙaninsa ya dawo daga makaranta. Wanda yake jure lungunanmu shi ne mai taya uku da ake murzawa da hannu, sarƙarsa da tayarsa irin na keken hawa ne, kowane mai faci a bakin titi zai gyara, ga wajen ɗora akwatin kayan aiki a baya. Kuma ba sai kun je nesa ba, a nan Kano ƙungiyar waɗanda shan inna ta taɓa, wadda Aminu Ahmed Tudun Wada ya daɗe yana jagoranta, su da kansu suke walda suna ƙera shi. Kun ga kuɗinku ya yi aiki biyu kenan. Idan shi ya zaɓa, ku tafi da shi a gwada tsayinsa da ƙarfin hannunsa, kar ku sayo masa kamar ana sayen hula.

Zai iya kuma ba ku mamaki ya ce shi ba keke ne damuwarsa ba, rumfa yake so saboda rana da damina, ko jarin gam da fata da zare. Ku ji maganarsa. Kuma ku leƙa ƙofar gidan nasu da ta masallacinku, in akwai buɗaɗɗiyar kwata ko matakala uku to ko keken zinare kuka saya a waje zai tsaya. Buhun siminti biyu da birkila ɗaya sun isa a yi gangara. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga, wa'adin ya wuce tuni, kai ma ka san yawancin wuraren da muke zuwa yadda suke. Masallacin layinku dai ba sai kun jira gwamnati ba.

Batun bidiyo, ka ce da abokin naku Goggo ta ce ya karanta aya ta 264 a Suratul Baƙara, inda aka hana mu ɓata sadaka da gori da cutarwa. Mutumin da ya ƙi bara shekara da shekaru don ya tsare mutuncinsa, rana ɗaya ku haska fuskarsa duniya ta gani ana "Allah sarki"? In ana son nuna wa waɗanda suka ba da kuɗi inda ya tafi, ai ga rasit, ka ɗauki hotonsa ka saka a gurup, sisin kwabo ya fito a lissafi, wannan shi zai sa gobe in ka sake cewa a kawo a kawo. Sai dai in shi da bakinsa ya ce a yi masa tallan sana'arsa, wannan daban, a nuna takalman da ya gyara da inda za a same shi. Ku ma duk ku riƙa kai masa naku, ku biya cikakke, ban da "ai na gida ne".

TAMBAYA: Goggo ina wuni. Mahaifinmu ya daina gani shekara uku kenan, ƙanina ɗan shekara 10 shi ke masa jagora zuwa masallaci da kasuwa har ya bar zuwa makaranta. Mutanen gari suna taimaka mana da hatsi Allah Ya saka musu, amma abin yaron nan yana ci mini rai. Daga wata 'yarki a Jigawa.

AMSA: Lafiya lau 'yata, Allah Ya ba Baba lafiya. Tambayata ta farko, likitan ido ya taɓa duba shi? Dattawanmu da yawa da aka ce sun makance yanar ido ce kawai, aikin da ba ya kai awa guda, washegari a cire bandeji mutum ya ga jikokinsa. In kuma hawan jinin ido ne ya riga ya cinye jijiyar to wannan ba ya dawowa, amma likita ne zai faɗa ba ni ba. Akwai asibitin ido na ECWA a Sabon Garin Kano, akwai asibitin ido na Makka shi ma a Kano, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Mutanen da suke auno muku hatsi ki sa wani babba ya gaya musu wannan karon kuɗin mota da na kati ake nema, za ki ga sun fi murna da bayarwa.

Shi kuwa yaro a mayar da shi aji ranar Litinin. Sahu guda na masallacin nan in suka raba kwana, wannan ya biyo wa Baba da asuba wancan da azahar, an gama. Ki kuma je ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukumarku ki tambayi yadda ake shiga alawus ɗin masu lalura, jiharku ta fara biyansa a zamanin Sule Lamido a 2007, dubu 7 duk wata a lokacin. Sarkin Makafin garinku ma ki kai masa gaisuwa, a wajensu Baba zai samu wanda zai koya masa tafiya da sanda shi kaɗai.

TAMBAYA: Goggo, wai duk mai nakasa ana ba shi zakka?

AMSA: A'a ɗana. Mutum takwas aka lissafa a aya ta 60 ta Suratut Tauba, nakasa ba ta ciki, talauci da bashi suna ciki. Makaho mai shago uku a kasuwa shi ma fitarwa zai yi, gurgun da ba shi da na cefane kuwa ya shiga sahun farko. Sauran bayanin nisabi ka kai wa limaminku.